Kwarin da Kuka Mayar Iyaka Ya Iso Bayan Ɗakin Mahaifiyata

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, ɗan Majalisar Jiha, wanda har bara muke kira wakilinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta cancanci babba, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu cin abinci a ƙofarka. Ranka ya daɗe, ni ne Mamman Bakatsine, mai kanwa a Kasuwar Gombe, ɗan marigayi Malam Idi, mai gidan ƙarshe a bakin kwari a Shamaki. Na san ka gane gidan, domin a zaurensa ka fara koyon yi wa jama'a magana. Na yi ta zarya ƙofarka har ƙafata ta gaji, kullum sai a ce kana Bauchi, ko kana barci, ko kana da baƙi. Shi ya sa na kawo maganar jarida, inda mai gadinka ba zai tare ta ba. In ka ji harshena da kaifi ka yi haƙuri, raina a ɓace yake.

Abin da ya kawo ni ba dogo ba ne. Kwari ya ci katangar bayan gidanmu a daminar bara, ya ci banɗaki, yanzu ya iso gindin ɗakin Inna, mahaifiyata. Bangon ya tsage, hannuna yana shiga cikin tsagar. Tana kwana a ciki har yau, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ban ce kai ka haƙa kwari ba, tun kafin a haife mu yake nan. Amma kai ka ɗaure hannun da yake tare shi, kuma zan nuna maka yadda ka yi.

Na farko, bari in tuna maka gayya, tunda na ga alamar zaman Majalisa yana sa mantuwa.

Tun tasowata, da bazara ta yi nisa Jauro, mai unguwarmu, zai aika mai shela ya zaga gaɓar nan da gaɓar can, domin a lokacin unguwa ɗaya ce, Jauro ɗaya. Da safe maza su sauka da shebur da kwanduna, a cika buhuna da yashi, a jera duwatsu, a kafa turaku, a sari kashe-kwari a dasa shi a gefe don saiwarsa ta riƙe ƙasa. Mata su dama kunu da fura su aiko. Ba wanda ake biya, ba kuma wanda ake tambaya tutar wa take ƙofar gidansa. Kuma kullum daga sama ake farawa, a wurin kwanar nan da ruwa yake karyowa bayan masallacin ƙetare. In aka tare shi a can, sai ya bi tsakiya ya wuce lami lafiya. In aka bar shi, sai ya yo kan gaɓarmu kai tsaye, kuma gidanmu ne na farko a gabansa. Ka san wannan sarai, don kai ma ka ɗauki kwando a wurin nan kana saurayi, har Inna tana yi maka tsiya wai kunu ka zo sha ba aiki ba.

Da wannan gayya muka riƙe kwarin nan tun zamanin Turawa, ba gwamnati, ba siminti, ba injiniya.

Na biyu, maganar biyayya, tunda na ji ana cewa mutanen gaɓarmu butulai ne.

Lokacin da aka sami 'yancin kai kana malamin makaranta, keke ma aro kake yi. Mahaifina ya ba ka zaure kana tara mutane, ya sha zagi da harara a kasuwa saboda kai, bai taɓa ce maka ka kwashe tabarminka ba. Soja suka zo aka naɗe siyasa, muka ci gaba da gaisawa. Da soja suka ce za su koma bariki, ka dawo mana da sabuwar jam'iyya da sabuwar tuta, muka ce tunda kai ne, to. A zaɓen nan ne aka fara barin mata su jefa ƙuri'a, Inna ta fita da sandarta, tana ɗingishi, ta tsaya a rana a layi, ta ce ɗan da ya ci tuwonta ba zai nemi abu ta zauna a ɗaki ba. Ta jefa maka, ta dawo ƙafa a kumbure, tana murna.

Sai kawai wata rana ina zaune a rumfa, rediyon maƙwabcina ya faɗa mana ka sauya sheƙa, ka koma wurin mutanen da jiya-jiya kake ce mana su ne suka hana talaka numfashi. A rediyo, ranka ya daɗe. Ba ka aiko ba, ba ka tara mu ba, ko Jauro ba ka shawarta ba. Bayan an gama komai ka zo da makaɗa da mota cike da huluna, wai mu sauke waccan tuta mu ɗaga wannan. Mutanen ƙetare da yawa suka karɓa, ban zarge su ba, kowa da uzurinsa. Mu kuwa muka ce a'a. Ba don tsohuwar jam'iyyar ta taɓa saka mana famfo ba, wallahi ko allura ba ta ba mu ba. Don dai mu ba awaki ba ne da za a kwance daga wannan turke a ɗaure a wancan ba tare da an ce mana uffan ba. To a nan wa ya bar wani, mu da muka tsaya inda ka ajiye mu, ko kai da ka tafi?

Na uku, shata iyaka.

Ba a jima da wannan ba sai ga masu gyaran iyakar mazaɓu sun zo. Da idona na gan su, a motarka suka sauka, kai ne a gaba kana nuna musu da sanda. Ga titi nan shimfiɗaɗɗe da kowa ya sani, wanda da shi ne iyaka tun fil azal, ba ku bi shi ba. Sai kuka zaɓi kwari. Ƙetare, inda aka karɓi huluna, ya zauna a mazaɓarka. Mu da muka ƙi, aka yanke mu aka liƙa wa wata mazaɓa ta ƙauyuka can bayan gari, inda ƙuri'unmu za su narke ba a ji ɗuriyarsu ba. Wakilin da aka ba mu bai taɓa taka Shamaki ba. Na je har garinsu na same shi, mutumin kirki ne, ya ba ni ruwa na sha, amma da na ce kwari sai ya tambaye ni wane kwari.

Wannan dabara ce ta cin zaɓe, na gane, kuma da a nan ta tsaya da ban ɓata tawada ba. Ka ci kujerarka, Allah ya sa albarka. Amma ba ku tsaya ba sai da kuka raba unguwar ma gida biyu, aka naɗa wa ƙetare sabon Jauro, mutumin da duk Gombe ta san shi da riƙe maka jaka. Jauronmu tsoho aka bar masa rabin jama'arsa, shelarsa ba ta tsallake kwari.

Da bazarar bara ta zo, ya aika ƙetare a yi gayya kamar kullum. Sabon Jauro ya mayar da ɗan aiken, ya ce ƙasarsa ce, ba wanda zai tara masa jama'a sai da izinin Alhaji. Muka jira izini, shiru. Da muka ga hadari ya matso, muka ɗauki shebur mu kaɗai muka haura wurin kwanar. Ko buhu goma ba mu jera ba sai ga samarin jam'iyyarka da gorori, wai mun zo yaƙin neman zaɓe a mazaɓar da ba tamu ba. Yaƙin zaɓe da kwandon yashi a ka! Suka ƙwace kayan aikinmu, suka tsattsage buhunan. Cikin samarin har da waɗanda aka yi wa suna a gabana. Na dawo gida, don baƙin ciki ban iya cin abinci ba.

Akwai Hamma, yayan matata, gidansa yana ƙetare. Ya same ni a rumfa yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata, ya ce wallahi ransu yana kan gayyar, amma an gaya musu duk wanda aka gani da shebur tare da mu, rumfarsa ta kasuwa sai dai ya ji labarinta. Dattijo mai furfura yana ba ni haƙuri yana waige-waige. Abin da ka mayar da maƙwabta ke nan, ranka ya daɗe, mutanen da suke jana'iza tare, suke aurayya da juna.

Na huɗu, ofishin ƙaramar hukuma, kuma a nan ne na ga abin da ya fi ƙarfin dariya. Na kai kuka, aka ce aikin kwalbati da tare ruwa mazaɓa-mazaɓa ake raba shi. Na ce to, madalla, kwarin na wace mazaɓa ne? Aka ce ai shi iyaka ne. Na ƙetare suka ce gaɓar da take rushewa ba tasu ba ce. Namu suka ce inda ruwan yake karyowa ba nasu ba ne. Duk su biyun gaskiya suka faɗa, kuma duk su biyun suka koma suka zauna. Ana ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai, manyan motoci suna wucewa ta gabanmu da siminti har ƙasa tana girgiza, mu ba mu ma nemi ko buhu ɗaya ba. Hannunmu muka ce a sake mana mu yi da kanmu, shi ma ya gagara.

Kuma wani abu da masu shatar suka manta, titi yana zama inda aka shimfiɗa shi, kwari kuwa tafiya yake yi. Inda kuka tsaya da sanda kuna nunawa, a lokacin gonar rogon maƙwabcina ce, yau rami ne. Kowane ruwa aka yi, mazaɓarka tana ƙara faɗi, tamu tana zubewa a ciki. In haka kake so ka faɗaɗa ƙasarka, to ka sani da gidajen mutane kake yi.

Za ka ce me ya hana in ɗauke tsohuwa daga ɗakin. Na yi, har na gaji. Na share mata ɗakina na ce ta dawo, na haɗa ta da liman, na haɗa ta da ƙannenta. Ta ce a ɗakin nan ta haife mu, a nan mahaifinmu ya cika, ba ruwan da zai kore ta daga ciki saboda rigimar tuta. Ka san Inna, in ta kafe ba mai motsa ta. Ni kuwa da na ji iska ta kaɗa sai gabana ya faɗi, ina rumfa hankalina yana gida, har awo nake kuskurewa. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ban ɓoye maka ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba wanda ya fi ƙarfinka a ciki.

Ka aika wa Jauron ƙetare, da bakinka ba da ɗan saƙo ba, cewa gayyar kwari ba siyasa ba ce, a bar gaɓa biyu su sauka tare kafin ruwan farko. Ka sa samarinka su dawo mana da shebur da kwandunanmu, kuma a gaya wa mutanen ƙetare a fili cewa ba wanda zai rasa rumfa don ya taimaki maƙwabcinsa. Sannan in Majalisa ta zauna, ka tashi ka ce a mayar da iyaka kan titi, ko kuwa a ɗora kwarin gaba ɗaya a wuyan mazaɓa guda, kowacce ce, don a san ƙofar da za a buga.

Ban ce in ka yi za mu zaɓe ka ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ka riga ka shirya abinka yadda ba ka bukatar ƙuri'armu. Don Allah za ka yi, da kuma tuwon da ka ci.

Da na gaya wa Inna zan rubuto maka, sai ta ba ni saƙo, ta ce kada in rage ko in ƙara. Ta ce ba ta riƙe ka a zuciya ba, ta yafe maka tsayuwar da ta yi a rana. Abu ɗaya take roƙo: in ɗakin ya rufta da ita, ka zo gaisuwa, ba ta hana ka ba, amma ka ajiye motar jam'iyya da makaɗa a gida, ka tako da ƙafa kai kaɗai ta cikin kwarin, ka zauna a ƙasa tare da mutane.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya. Allah ya sa saƙonka ya riga ruwa isowa.

Wassalam.

Naka, Mamman Bakatsine, mai kanwa,
Bakin kwari, Shamaki, Gombe.