Takardar Haihuwar da Ba Tawa Ba

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Baban 'Yan Biyu da yaran duka. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan da kika ce tana damun ki idan kin daɗe a tsaye. Mu nan kowa lafiya. Baba yana shagon ɗinkinsa kullum, aiki ya yi masa yawa saboda kayan 'yan makaranta. Mama ma lafiya, sai ciwon kan nan nata da kika sani.

Gwaggo, akwai abin da na sani yau kwana goma sha biyu, ban furta wa kowa ba. Ko Baba da ya san na sani, ba da baki na gaya masa ba. Na san ina da yaya mace da ta rasu kafin a haife ni. Na kuma san sunan da nake amsawa a makaranta tun aji ɗaya ba nawa ba ne, nata ne. A waya ba zan iya faɗa miki ba, kin san halina, daga gaisuwa sai in miƙa wa Mama. Shi ya sa na yago takarda daga tsakiyar littafina.

Bari in fara daga farko. Kin ji an kira ni sansanin 'yan ƙwallon ƙasa, na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai. Wasannin share fage ake yi na nahiyarmu, kuma zagaye ɗaya ya rage: wasa biyu da ƙasa ɗaya, ɗaya a gida ɗaya a wajensu, waɗanda suka yi nasara su tafi gasar duniya. Golarsu ta farko ce ta karye a yatsa, shi ne Koci, wadda ta taɓa gani na a gasar makarantu, ta ce a nemo mata yarinyar nan da ba ta magana. Sati biyar na yi a can. Mu huɗu ne a ɗaki, da fanka mai ƙara da safa a shanye a jikin taga. Tun kwana na biyu suka sa mini suna Bebiya. Doguwa, ɗaya golar, wadda gadonta ke saman nawa, ta ce tsakanina da sandar raga ba ta san wadda ta fi surutu ba, amma tana ganin sandar ce.

Kama ƙwallo bai taɓa ba ni wuya ba. Abin da ya ba ni wuya shi ne kira. Koci ta ce idan aka bugo kwana gola ta fito, dole ta ɗaga murya ta ce "Tawa ce!" don 'yan baya su kauce mata. In ta yi shiru, ko dai kowa ya bar wa wata, ko kuma duka su tashi tare su gwara kai. Satin farko muryata ba ta wuce haɓata. Sai Koci ta riƙa tsayar da ni a raga bayan an tashi, ita kuma ta je can bakin ƙofar fili ta juya mini baya, ta ce ba zan ci abinci ba sai ta ji ni. A sati na biyar ta juyo. Ranar ta ce ni zan tsare gida a wasan farko.

Kwana biyu bayan haka Sakatariya ta aiko a kira ni. Ofishinta ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakalar fili, fayil har kan kujerar baƙi, don haka a tsaye na yi. Ita ce ke haɗa takardunmu ta yi mana fasfo ta aika sunaye ofishin nahiya. Ta dubi takardar haihuwar da Baba ya aiko, ta dube ni, ta yi lissafi da biro a bayan ambulan. Ta tambayi shekaruna, na ce goma sha biyar. Ta ce takarda ta ce goma sha takwas. Har dariya ta yi, ta ce shekara tara tana wannan aiki, ta gaji da masu rage shekaru, amma ba ta taɓa ganin wadda ta ƙara wa kanta ba. Da ta ga ban yi dariya ba sai ta daina. Ta ce kowa ya dube ni ya san ban kai ba, amma can ba duba mutum suke yi ba, takarda suke dubawa, kuma da wannan ba za ta iya aika sunana ba. Da yamma na haɗa jakata. Na kai wa Koci safar hannu, ta ce in riƙe.

A gida na ce takardu ne suka samu matsala, ban ƙara komai ba, ba a kuma tambaye ni ba. Washegari da Mama ta fita kasuwa na taka kujera na sauko da gwangwanin biskit ɗin da Baba ke ajiye takardu a saman kabad. Ina neman wata takarda ce da za ta nuna kuskure aka yi. A ƙasa, cikin leda, na samu katin awon jarirai guda biyu. Na farko yana da sunana na makaranta da ranar da ke kan takardar haihuwa. Layin nauyi yana ta hawa, ɗigo bayan ɗigo da biron nas, har shekara ɗaya da wata huɗu. Daga nan babu komai, fili ne. Na biyu bayan shekara uku aka buɗe shi, ba suna, an rubuta "mace" kawai, shi kuma layinsa ya tafi har ƙarshen katin. Na zauna a ƙasa na daɗe ina kallon su. Ban yi kuka ba, Gwaggo, har yau ban yi ba. Kin san idan ƙwallo mai ƙarfi ta bugi kan yatsu, da farko ba ciwo kike ji ba, sai dai ki ji kamar hannun ba naki ba ne. Haka nake tun ranar. Na sa katunan a jakata, na mayar da gwangwanin, na je na wanke kwanoni.

Ina wanke-wanken ne abubuwa suka riƙa dawo mini. Mama ba ta taɓa kira na da sunan makaranta ba, Auta take cewa, amma idan na kawo sakamakon jarrabawa sai ta daɗe tana shafa sunan da babban yatsa kafin ta dubi makin. Akwai rana ɗaya a shekara da ba ta kunna rediyo, ta zaunar da ni ta tsefe mini kai ta sake kitso ko da na kan bai kai sati ba. Na duba, ranar da ke kan takardar ce. Da aka kira ni sansani, ita ce ta sa Baba ya ɗinka sunan a jikin jakata da jan zare, ta tsaya a kansa har ya gama. Sai kuma ke. Kullum kika kira waya sai ki ce a ba ki takwara. Ni na ɗauka wasa kike yi mini, tunda sunanmu ba ɗaya ba ne.

Wasan farko a shagon Baba na kalla, a ƙaramar talabijin da ke kan kanta tsakanin yadudduka. Maƙwabta sun cika shagon. Mai gyaran waya ya tambayi Baba ina Auta a ciki, ko an ɓoye ta ne sai wasa na biyu, Baba ya ce takardu ne. Doguwa ta yi ƙoƙari, ta ture biyu masu wuya. Ana saura minti ashirin aka bugo kwana, ta fito ba ta yi kira ba, suka gwara kai da kyaftin a sama, ƙwallo ta faɗi a ƙafar 'yar wancan ɓangaren. Da wannan ɗayan aka ci mu. Kowa ya tashi yana faɗa da talabijin, ni kuma ina tsugune ina tsince guntayen zare a ƙasa. Da na ɗago na ga Baba ba wasan yake kallo ba, ni yake kallo. Bayan mutane sun watse ya fita raka wani, na ciro katunan biyu na ajiye a kan teburin yanka, na danne su da almakashinsa, na tafi gida.

Washegari ya ce in biyo shi shago in taya shi guga. Yana shata wando da alli yana magana, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya ce lokacin da aka haife ni Mama ba ta gama dawowa daidai daga rasuwar yayata ba, shi ma hankalinsa ba a kwance yake ba, ba wanda ya je ya karɓo mini takarda. Ranar da ya kai ni makaranta hedimasta ya ce ba takarda ba aji, shi kuma ya bar shago a buɗe, sai ya dawo ya ɗauki wadda ke gwangwani da niyyar zai gyara daga baya. Da na kawo littafina na farko gida Mama ta ga sunan a bango, ta riƙe shi ta daɗe, ta ce a bar shi haka. Daga ranar ba su sake zancen ba. Ya ajiye allin ya ce, "Na ɗauka takarda takarda ce, Auta." Sannan ya ce ranar sunana, sunanki aka raɗa mini, kuma ke ce kika riƙe ni.

Shekaranjiya Koci ta kira wayar Baba. Ta ce ranar Alhamis za a rufe sunayen wasa na biyu, kuma ta bar gurbi ɗaya. Sakatariya ta bincika, abin da ake bukata shi ne uwa da uba su je kotu su yi rantsuwa cewa mai waccan takardar ta rasu, ni kuma daban ce, sannan a ba ni tawa. Uba shi kaɗai ba zai wadatar ba. Wato sai Mama ta tsaya a gaban baƙi ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa a ɗakinta ba. Baba ya kashe wayar ya ce, "Ni ba zan ja ta can ba. In kina so, ki faɗa, in yi mata magana. In ba ki so, ba wanda zai sake tayar da zancen." Ya koma kan keken ɗinkinsa.

Yau Litinin. Yin shiru shi ne ya fi mini sauƙi, da shi na saba. Ban ma san ko za mu ci ba in na je, don sai mun zura biyu a gidansu, ni kuma ba ni ce mai zurawa ba. Doguwa ta turo saƙo ta ce Bebiya ki dawo ki karɓi ragarki, har yanzu goshina a kumbure yake. Na kuma yi tunanin ko na bar ƙwallo, takardar nan tana jira na a jarrabawa da duk inda zan je, kullum ta girme ni da shekara uku. Ba na jin haushin kowa. Ina neman haushin ma in ji, ban same shi ba. Abin da kawai nake ta tunawa shi ne Baba yana jiran Mama, Mama tana jiran kada a tambaye ta, ni kuma ina tsakiya.

Ki gaida mini Baban 'Yan Biyu, ki gaida Hasana da Usaina, ki ce na ga hoton da suka turo da kayan makaranta, rigar ta yi wa ɗaya yawa. Ki gaida Iya mai taya ki aiki. Yaya Babba yana gaishe ki, ya ce har yanzu yana jiran agogon. Kada ki kira waya saboda wannan takarda, kafin ta iso hannunki an riga an wuce wurin. Addu'a kawai nake so.

Gobe da hantsi Mama za ta yi mini kitso. Na gaya wa Baba kada ya ce komai, ni zan yi. Zan bari sai kaina yana tsakanin gwiwoyinta, ba ta ganin fuskata ni ma ba na ganin tata. Zan ce na ga katunan. Zan tambaye ta yadda yayata take, ko ta fara tafiya, ko tana da surutu. In ta amsa, zan roƙe ta mu je ranar Laraba. A sabuwar takardar sunanki za a rubuta. Jan zaren da ke jikin jakata kuwa ba zan warware shi ba, da ita zan tafi.

Taki,
Takwararki