Ɗana Ba Bijimi Ba Ne

Zuwa ga Baturen Makaranta na Lardin Sakkwato,

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan zafin garinmu bai gama dafa ka ba. Ni dillalin shanu ne daga Mabera. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, kuma ga shi yau ya yi mini rana.

Na farko. Ɗana Ummaru ne ya zo na ɗaya a jarrabawar shiga ajin kimiyya, wanda daga shi ake wucewa kwaleji. Ranar Talatar da ta bi Sallar Layya ka jera yara, ka sa ya buɗe baki, ka leƙa haƙoransa, ka ce ya tsufa da ajin, ya tafi koyon sassaƙa. Ranka ya daɗe, wannan sana'ata ce. A kara, kasuwar shanu, muke yin ta, kuma ga dabba. Ko mu ma sai mun sallama wa mai ita tukuna.

Na biyu. A layin nan akwai ɗan Kwaran nan, baƙo farar fata da ke da kanti a kasuwa, yaro mai gashin baki da murya irin ta limami. Ba ka ce ya buɗe komai ba, ka yi masa murmushi ya wuce. An ce yana da takardar haihuwa. To, mu ungozoma ke karɓar haihuwarmu, ita kuwa ba ta da akawu. Tana nan da ranta a Gidan Igwai, ta ce Ummaru shekarar fara aka haife shi, kuma a shirye take ta dafa Alƙur'ani. Ko shaida ma sai mai farar fata?

Abin ya ƙona mini rai, ban ɓoye maka ba. Yaron nan likita yake son zama, tun ranar kuwa ko littafi ya daina ɗauka, uwarsa na ta lallashi.

Roƙona, a mayar da sunansa kafin a buɗe aji ƙarshen wata. In leƙen baki doka ne, a leƙa na kowa, a fara da malamai. Muna jin ana cewa kun kusa miƙa mulki ku tafi, likitanku kuma zai bi ku. In duk yaranmu masassaƙa ne, wa zai duba mu ranar? Sai dai mu samu gadajen jinya masu kyau.

Allah ya ba ka lafiya da adalci, ya mayar da kai ƙasarku lami lafiya, kuma da wuri.

Wassalam.

Garba Dillali, Mabera