Kunnen da Kika Saba Tambaya

Zuwa ga Josephine, uwar Fauziyya, inuwar rimina, ruwan farko da ke sauka kan jar ƙasar Zazzau ya tayar da ƙamshi, sanyin kogin Kubanni a tsakiyar bazara, matata tun gashina yana baƙi.

Bayan gaisuwa. Rubutun nan na yaƙi da jahilci ne, ki yi haƙuri da karkacewarsa. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don maganar ba ta kowa ba ce.

Tun da kika kwashe kaya kika koma wurin Fauziyya a Samaru, gidan nan na Chikaji ya zama rijiyar da ta ƙafe. Yarinyar ta aiko mini cewa kin ce za ki janye sabon kiɗanki, ba za a buga shi a can Samaru ranar Asabar ba, tunda Bappa ya ce hayaniyar tasha ce. Haba Josephine. Aikin da ya hana ki barci, ya hana ki cin abinci da zafinsa, shi za ki binne saboda bakin tsohon maƙeri irina?

Amma bari in fara da nawa ƙorafin, don ina da shi. Kin tuna ranar da kika shigo rumfata da ƙahon da ya lotse, na ƙungiyarku ta kiɗan jaz da ke wasa a otal a Sabon Gari? Ina bugun lotsawar, kina tsaye cikin rana kamar barewar da ta ɓace hanya, kina rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na ajiye guduma na ce wutsiyar waƙar ta yi tsawo. Hararar da kika yi mini har yau tana ƙirjina. Washegari kika dawo, kin datse wutsiyar. Daga ranar babu kiɗan da ya fita gidanmu bai bi ta kunnena ba. Ki zuba mini tuwo, ki zauna gaban piyano, in loma ta tsaya a hannuna kin san ya yi, in na ci gaba da ci ki yage takarda. Haka muka yi zamanin jaz. Haka muka yi da 'yan fim suka zo daga Kano, waɗanda ke sa sunanki can ƙarshe, ƙanana, lokacin da jama'a suka tashi suna neman takalmansu. Wa ke zama shi kaɗai har sunan ya wuce? Ni.

Sai ga wannan babban, mai goge da sarewa da ƙaho cike da dandamali, wanda kika yi wa buri tun kina budurwa. Wa ya fara jinsa? Lanre, yaron da ke kaɗa wa makaɗa sanda, wanda aka haifa bayan na gama koyon sana'a. Ni sai gayyata aka yi mini zuwa gwaji, aka ba ni kujera kamar baƙo daga Basawa. Wannan ya ci mini rai, kuma ba zan ce bai ci ba.

To amma ba shi ya sa na faɗi abin da na faɗa ba. Ya tauraruwata, ya zumar da ƙudan Kufena suka tara, ga abin da ban gaya wa ko likita ba: kunnen ya tafi. Guduma ta karɓi na hagu tun bara, na dama yana bin sa. Ranar gwajin ina ganin hannuwan masu goge suna kai da kawowa kamar ciyawa cikin iska, amma babu abin da ya iso gare ni sai gungunin manyan ganguna. Kika juyo kina neman fuskata a gaban mutane, idonki cike da tambaya. Me zan ce? In ce kunnen da kika dogara da shi duk rayuwarki ya zama ado? Tsoro ya kama ni, baki ya riga ni, na ce hayaniyar tasha ce. Ba kiɗanki ne ya lalace ba, ranki ya daɗe. Ban ji shi ba ne.

Ba zan aiko miki da yabon ƙarya don ki huce ba. Ban taɓa yi ba, ba kuwa zan fara da furfura ba. Abin da nake roƙo shi ne ki dawo kafin Asabar, ko da rana ɗaya, ko da fushinki. Ki buga mini shi daga farko har ƙarshe, ni kuma in ɗora tafin hannuna kan katakon piyano. Hannun nan ya san ƙarfen da ya tsage tun ido bai gani ba, zai san wannan ma. In ya ce ya yi, ki kai shi Samaru, in zauna a sahun gaba da babbar rigata. In ya ce da saura, zan gaya miki, mu yi rigimarmu a gida.

Kada dai ki janye shi a kan hukuncin kurma.

Naki ne ni, da kunne ko babu, har ranar da za a ɗauke ni daga Chikaji a kafaɗa.

Bappa