Kada Ki Yi Wa Sallau Baki

Assalamu alaikum Yaya Hajo,

Ina gaisuwa. Yaya jikin, yaya Malam da yara, yaya damina? Yau shekara tara rabona da gida, kuma ban taɓa rubuto miki wasiƙa mai nauyin wannan ba.

Ɗanki Sallau yana asibiti. Ranar Talata da hantsi wani direba ya goge masa babur a shataletalen Circle, Sallau ya jefar da babur ɗin ya bi direban da gudu, wata mota ta kwashe shi. Ƙafar dama ta karye. Na shiga da niyyar zaginsa, sai ya ce, "Kawu, wallahi ban ga motar ba, mutumin kaɗai nake gani."

Likita ta ce wannan zuciya da yake fama da ita tun yana ƙarami ciwo ce, akwai masu duba ta, kuma masu irinta faɗa ko haɗarin hanya kan ɗauke su da wuri. Mu kuwa bulala muka sani, ni ma na dake shi. Na gaji da ba maƙwabta haƙuri a nan unguwar Nima, amma bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na ji kin ce za ki yi masa baki. Don Allah kada ki yi, addu'arki yake buƙata. Ki gaida Inna.

Abin da na iya tsirar da shi bana ke nan: ransa, ƙafa ɗaya, da makullin babur a aljihuna.

Ƙaninki,
Habu