Man Kanti a Ɗakin Inna

Yaya Sani, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya Abuja? Mu nan Maradun lafiya lau.

Saƙonka ya iso, galan biyu na man gyaɗa daga babban kanti. Sannu da dabara, ka aiko wa Inna mai, ita da ta shekara talatin tana matsar gyaɗa. Ta shinshina, ta ce, "Ashe nawa ya daina yi masa." Tun ranar ba ta sake ɗora kaskon tuya ba. Na gaji da lallashi.

Ka gaida Anti Hauwa da yara, a sa mu a addu'a. Don Allah ka kira Inna, ka roƙi kwalba ɗaya ta man hannunta. Kada ka ce ni na faɗa maka.

Ƙanwarka,
Rabi