Dokar da Ba Ta Riske Ka Ba, Mu'azzam

Zuwa ga ɗana Mu'azzam,

Assalamu alaika wa rahmatullah. Daga gidanmu na unguwar Al-Shifa a Riyadh nake rubuto maka, inda har yau mahaifiyarka ba ta yarda a ce "marigayi" a gabanta, tunda ba ta ga gawarka ba.

A can gida, 'yan majalisa sun sake ɗage zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudurin kafa rundunar tsaron gaɓar teku. Na riga na ɗauki hutu, an buga mini bizar fita da dawowa, na sayi tikiti don in halarta, sai sanarwa ta zo cewa ba a daidaita ba kan ma'aikatar da za ta riƙe rundunar, da asusun da zai ciyar da ita.

Na bi ƙudurin da jan biro, yadda nake bin kwantiragin kamfanin da nake yi wa aikin lauya a nan Riyadh. Shafuka sun ƙare a kan muƙamai da kaki da wanda zai naɗa shugaba. Ceton rai kuwa layi biyu ne: minista zai tsara daga baya. Na san wannan jimlar. Ni ma na sha rubuta irinta sa'ad da nake tsara dokoki a gida, idan manya suka kasa jituwa kuma ana son a tashi taro. Ban taɓa tambayar kan wa za ta faɗa ba.

Ranar da jirgin da ya ɗauko ku daga wurin bautar ƙasa ya kife a inda kogi ke shiga teku, abokinka da ya kai gaɓa ya ari waya ya kira hukumomi biyu. Ɗaya ta ce nan teku ne, ba huruminta ba. Ɗayar ta ce ai kogi ne. Masunta ne suka fito, bayan ruwa ya gama aikinsa.

Kana ƙarami, idan ina gyara maka rubutu, kakan ce, "Baba, kai ba ka barin komai ya wuce." Wannan kam na bari ya wuce, ɗana.

Sallar ga'ib muka yi maka. Tun daga nan nake zuwa wani masallaci a unguwar Utaiƙa da la'asar, in sallaci mutanen da ban sani ba, in sa kafaɗa a makararsu.

Na rubuta sashe guda da hannuna: duk ofishin da kira ya fara isa, shi ke da alhakin fita, a yi gardamar hurumi bayan an tsamo mutane. Ba zan soke tikitin ba. Ko sun zauna ko ba su zauna ba, zan kai musu hannu da hannu, in tsaya a bakin ƙofa har a karɓa.

Allah Ya sa ruwan nan ya zame maka shahada. Ya haskaka makwancinka, wanda Shi kaɗai Ya san inda yake.

Mahaifinka,
Sa'idu