An Fanshi Gidanmu Tuntuni, Ni Kaɗai Ce Ban Sani Ba

Malam Mai Filin Shawara,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, abin da ke cina ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan, don wadda na saba kai wa kukana ita ce yanzu ba ta ko son ganina. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin Yaƙi da Jahilci na koye shi, kuma raina a ɓace nake yin sa.

Ni matar aure ce a unguwar Majidaɗi, nan Jalingo. Kakannina daga Zariya suka zo da fatauci, ni a nan aka haife ni. Maigidana ma'aikacin hukumar En'e ne, yana cikin masu yi wa shanu allura, yau yana gida gobe yana rangadi a rugage. 'Ya'yanmu huɗu. Ba zan ce mugun mutum ne ba. Bai taɓa dukana ba, ba ya caca, ba ya neman mata. Da ma ɗaya daga cikin waɗannan yake yi, da na san sunan ciwona.

Da mahaifinsa ya rasu, 'yan'uwansa suka tashi sai an sayar da gidan da muke ciki an raba gado. Shi kuwa ya ce gidan da aka binne cibiyarsa ba zai ga baƙo a ciki ba. Ya je wurin wani attajirin goro, bari in kira shi Alhaji Maliki, ya jinginar da gidan, ya karɓi kuɗi ya sallami kowa. Sharaɗin shi ne a biya cikin shekara biyar, kafin nan Alhaji zai riƙa ajiye huhunan goronsa a zaurenmu. In wa'adi ya cika ba a biya ba, gida ya zama nasa.

Ranar da aka fara shigo da goron na ga maigidana ya raɓe yana ba 'yan dako hanya a ƙofar ubansa, tausayinsa ya kama ni. Ni da bakina na ce masa kada mu jira shekara biyar, mu ɗaure ciki mu fita da wuri. Ni na faɗa, ban musa ba. Muka ɗaure kuwa. Nama ya koma sai Juma'a, daga baya Juma'ar ma sai an ga dama. Shayi ba sukari. Yara suka yi Sallah da tsofaffin kaya, na wanke na kai mabuga don su ɗan yi ƙyalli. Yayana ya zo daga Zariya takanas, na ajiye masa tuwo da miyar kuka tsura, ya ci, da zai tafi ya danƙa wa yara sisi sisi yana kallon ƙasa. Na kwashe rabin jerena, tasoshin da uwata ta tara mini, na ba dillaliya. Ina soya gyaɗa, in matse mai, in yi ƙuli-ƙuli a kai Kasuwar Jalingo. Duk ranar da kwasar adashi ta zo kaina ko kwance ƙullin ba na yi, haka nake miƙa masa in ce a rage wa Alhaji. Sai ya karɓa ya sa mini albarka. Kullum sai ya sa albarka, Malam, kuma wannan sa albarkar ita ta fi ƙona mini rai yanzu.

Ina da aminiya tun muna 'yan mata, zan kira ta Adda Furera don ta ɗan girme ni. Kai namiji ne, amma ka san yadda biki yake tsakaninmu mata: abin da ƙawarki ta kawo miki ranar hidimarki, ranar tata sai ki mayar har da ƙari. Duk haihuwar da na yi Adda Furera ce kan gaba, a sunan autana turmin atamfa ta kawo da tasa babba. Bara da kaka ta tashi aurar da 'yarta ta fari, Kadijatu, yarinyar da na goya a bayana. Na roƙi maigidana ya bar mini kwasar adashi ɗaya tak in rama biki. Ya yi ajiyar zuciya ya ce Alhaji ya matsa lamba, in muka yi wasa gidan zai suɓuce. Na yi kukana na haƙura. Na tafi gidan biki da kwalbar man gyaɗa da ƙwaryar ƙuli-ƙuli, na durƙusa a gaban mata cike da tsakar gida, na ce Adda ta yafe ni, wallahi jinginar gida ce ta ɗaure mana hannu. Matar Alhaji Maliki, Hajiya Balaraba, tana zaune a wurin. Na ga ta sunkuyar da kai, na ɗauka nauyina take ji don mijinta ke binmu.

Tun daga ranar komai ya canja. Adda Furera ta daina aiko mini da tuwo, in na aika gaisuwa sai a ce tana amsawa, shi ke nan. In na shiga gidan suna sai hira ta mutu. Na ce talauci ne, mutane ba sa son mai hannu a bushe. Har na riƙe Adda a raina, na ce ashe amincin namu na atamfa ne.

Watan da ya wuce, maigida yana rangadi, sai ga wata Bafillatana mai tallan nono ta yi sallama tana tambayar gidan malamin allura. Ta sauke ƙwarya ta ciro curin man shanu mai kyau, ta ce mijinta Njidda ne ya aiko wa matar mai shanu, kuma albishir, karsana biyu sun haihu lafiya. Na ce ta yi ɓatan kai, mu ko akuya ba mu da ita. Ta yi dariya ta kwatanta mini maigidana tsaf, har da tabon da ke goshinsa, ta ce ai tun daminar bara yake kawo musu kiwo, ɗaya bayan ɗaya, can rugarsu ta wajen Kona. Baiwar Allah ba ta san abin da ta yi ba, har tukuici na ba ta.

Zama ya gagare ni. Na yafa mayafi na tafi wurin Hajiya Balaraba, na tambaye ta nawa ne ya saura. Ta dube ni ta ce wane saura, ai maigidana ya gama biya tun kafin daminar bara, an kira shaidu an shafa fatiha. Goron da ke zaurenmu kuwa haya Alhaji yake biya duk wata. Ta ce ranar bikin Kadijatu ta rasa inda za ta sa kanta da ta ji ina rantsuwa da jingina, kuma da mata suka tsare ta da tambaya bayan na fita, ba ta iya yi musu ƙarya ba. Ka ji fa, Malam. Duk tsawon wannan lokaci matan unguwa suna kallona marowaciya maƙaryaciya, wadda ta ci bikin aminiyarta ta fake da bashin da babu shi, ni kuwa ina gida ina matsar gyaɗa har hannuna ya yi kanta.

Da maigida ya dawo na tare shi. Bai musa ba. Har murmushi ya yi, wai jira yake shanun su zama garke sannan ya yi mini albishir. Ya ce ya san hannuna ba ya riƙe kuɗi, da na ji an gama biya, da biki da suna da 'yan'uwa sun lashe komai. Ya ce zancen jinginar nan shi ne katangar da ta tsare mu daga masu roƙo, nasa da nawa. Ya ce shanun ai na 'ya'yana ne, ko anini bai kai wa wata mace ba. Da na ambaci Adda Furera sai ya ce wannan maganar mata ce, za ta wuce.

Gaskiya ne ina da sakin hannu, ba na iya ganin baƙo ya fita haka nan. Amma ni ce fa na sayar da tasoshin uwata. Ban isa a gaya mini ba? An ci amanata, Malam, kuma wanda na fi yarda da shi a duniya shi ya ci. Yanzu in ya ce mini rana ta fito sai na leƙa waje. Tuwonsa ina yi, amma ba na iya zama kusa in yana ci. Wata zuciyar tana ce mini in goya autana in tafi gidan kawuna a Barade, wata tana cewa gidan nan da gumina a ciki, a kan me zan bar shi. Na je ƙofar Adda Furera na juyo, don me zan ce mata? In ce ban sani ba? Wa zai yarda mace tana zaune gida ɗaya da mijinta ba ta san ya biya bashi ba?

Ka gaya mini abin yi, Allah ya biya ka.

Ni ce,
Mai Ƙuli-ƙuli, Jalingo, Lardin Adamawa.

AMSA

'Yar'uwa Mai Ƙuli-ƙuli,

Wa alaikumus salam. Rubutunki ya fita sarai, malamar ajinku ta ci ladanta. Tun farko bari in sauke miki nauyi ɗaya: ba ki yi ƙarya a gidan biki ba. Abin da aka gaya miki kika faɗa. Wanda ya san gaskiya ya bar ki kika je kika rantse, alhakin yana wuyansa.

Amma kada ɓacin rai ya rufe miki ido daga abin da ke hannunki. Yawancin takardun da ke zuwa mini a kan jingina kukan gida ya tafi ne, ko kuɗin fansa ya ƙare a caca. Naku ya dawo kafin wa'adi, ga shanu suna haihuwa. Mijinki tsoro ne ya shige shi tun ranar da ya ga kayan wani a zauren ubansa, ke ma kuma kin yarda hannunki a sake yake. Tsoronsa yana da dalili. Abin da ba shi da dalili shi ne ya mai da ke yarinyar da ake ɓoye wa alewa, alhali da ke aka ɗaure cikin, ke ma kika fara kawo shawarar. In hannunki yake tsoro, sai ya zaunar da ke ku yanka, ga na cefane, ga na ajiya, ga na biki. Biki ma ai ajiya ce irin ta mata. Atamfar da Furera ta kawo ajiya ta yi a wurinki, kamar yadda shi ya yi a wurin Njidda. Da Njidda zai ce masa babu shanu alhali suna nan, da yanzu suna gaban alƙali.

Kada ki yi yaji. In kin tafi Barade unguwa za ta ce asiri ya tonu kin gudu. Ki zauna a ɗakinki, ki aika a kira kawun nan naki, shi ma ya kawo babba ɗaya daga danginsa, a yi magana ba hayaniya.

Zancen dukiya mai sauƙi ne. Duk abin da kika miƙa masa bayan ranar da aka shafa fatiha, da sunan jingina kika bayar, jinginar kuma babu ita. Saboda haka kuɗinki ne, dukiyar mace kuwa tata ce, kowane malami a Jalingo zai gaya masa haka. Uwar adashinku ta san kwasar da kika yi. A je rugar, a nuna wa Njidda waɗanda suke naki a gaban shaidu. Kada ki yarda da zancen wai na 'ya'yanki ne, 'ya'yan za su gaje ki in lokaci ya yi. Ki sayar da ɗan bijimi ɗaya ki rama bikin Furera cikakke, har da ƙarin da ya kamata. Sauran ki bar su su yi ta haihuwa, don a nan mijinki ya fi ki gaskiya, gidan da ba ajiya rashin lafiya ɗaya ke mai da shi hannun mai goro. Kuɗin hayar zaure kuma ya shiga tukunya. An fanshi gida ne don a zauna a cikinsa kamar mutane, ba don a ci gaba da horon ciki ba.

Sai dai atamfa ba za ta wanke ki ba. In kin kai ta ke kaɗai za a ce kunya ce ta kama ki. Kin yi daidai da kika juyo daga ƙofar Furera, wannan tafiyar ba taki ba ce. Ki kuma daina riƙe ta a ranki, a ganinta ke kika ci amanarta, ita ma da nata ciwon take kwana.

Malam mai allura, na san jaridar nan tana zuwa ofishinku, kuma ka gane kanka. Ka yi ƙoƙari, ka ceci gidan mahaifinka, ba mai ƙwace maka wannan. Amma ka ce maganar mata ce za ta wuce. Ba za ta wuce ba. A cikin matan nan matarka take rayuwa, su ke zuwa mata ranar haihuwa, su za su yi mata wanka ranar mutuwa. Ka sa babbar rigarka ka je ka yi sallama da mijin Furera, ka roƙi a kira ta bakin zaure, ka faɗa da bakinka cewa kai ka ɓoye, matarka ba ta sani ba. Zai yi maka nauyi, na sani. Amma ba wani baki a duniya da za a yarda da shi a kan wannan magana sai naka.

Ke kuma 'yar'uwa, in ya je, ki yafe masa da zuciya ɗaya, yarda za ta dawo a hankali. In kuwa ya ba ki shanun duka amma ya ƙi zuwa, ki gaya wa kawunki ba a gama ba tukuna.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya wanke ki a idon mutane, ya mayar miki da aminiyarki.

Naki,
Malam Hambali.